Tsintsiya Mai Jan Baki

Balki, ranar da nake wannan rubutu shekarunki biyu da wata huɗu, ko sunana ba ki iya kira daidai ba, "Kiya" kike ce min. Na san ba da labarin rayuwa aikin masu furfura ne. Ni gwaggonki Rakiya shekaruna ashirin da ɗaya, ban yi wani abin da ya isa a rubuta ba sai guda ɗaya, kuma shi ɗin da ana mayar da jiya da na mayar. Amma a Dogon Dutsi za ki girma, kuma kafin ki iya ɗaura zane za a faɗa miki dalilin da ya sa mahaifinki yake zaune a keken guragu. Wasu za su ce gudu ya yi da motar mutane don a gan shi. Wasu za su ce aljanar nan Doguwa ce ta tare masa hanya. Ni ina cikin motar, kuma ni kaɗai nake tuna ranar daga farkonta har ƙarshenta.

Mahaifinki, Yaya Isuhu, wana ne uwa ɗaya uba ɗaya. Aikinsa kawo motoci. Mai kuɗi zai sayi mota ta sauka a bakin teku, a Kwatano, sai a kira Isuhu ya je ya tuƙo ta har ƙofar gidan mai ita, Maraɗi ko Tawa ko Damagaram. Hanyar gabas ta garinmu take bi, don haka duk motar da ya ɗauko sai ta kwana ɗaya a gidanmu, ta shigo ta babbar ƙofar da Baba ya yi don amalanke. Shekara tara yana wannan aiki, ko madubi bai taɓa gogewa ba. Yana da wata ɗabi'a da abokansa suke yi masa dariya a kai: kafin ya ajiye mota sai ya sa katako ya baje yashi ya daidaita shi sumul, sannan ya hau da motar a kai. Da safe ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta.

"Mai mota shina ƙarya, mota ma tana ƙarya," haka yake cewa, "amma ƙasa ba ta ƙarya. Abin da mota ta ɓoye maka bisa hanya, in ta kwana sai ta hwaɗa ma ƙasa."

Ni kuwa a lokacin ina zaune gida shekara biyu. Na yi lakkwal, makarantar boko, har ajin ƙarshe na lise, wato sakandare, na faɗi bak, jarrabawar fita, na dawo ina daka da wanki. Innarmu ta rasu tun ina ƙarama, Kaka ce ta rene ni, uwar Baba, wadda har gobe take ajiye baƙar akuya da ba a taɓawa, kuma take gaida itatuwa in za ta wuce su. Baba kuma ɗan kasuwa ne, yana cikin masu wa'azin a bar irin waɗannan abubuwa. Gida ɗaya, tukunya ɗaya, amma kullum kamar wuta da auduga. Abin da nake so shi ne makarantar koyon aikin ungozoma a Maraɗi, inda ƙanwar Baba take aure. Shekara guda ina roƙo, Baba yana cewa a'a. Yaya Isuhu ne ya yi ta binsa, a shago, a hanyar masallaci, har ran nan ya gaji ya ce:

"Mace ba ta doguwar tahiya ba muharrami. In Isuhu na zuwa Maraɗi, shi kai ta da hannunshi, shi miƙa ta ga gwaggonta. In ba haka ba, ta zamna. Kuma kar a sake tada mini maganar ga."

Ranar Alhamis da azahar ake rufe karɓar dosiye, wato takardun neman shiga makarantar, kuma sai mutum ya kai da kansa. Yaya ya kira daga hanya ya ce yana tafe da motar wani ɗan Alhaji na Maraɗi, zai iso Talata, mu kama hanya Laraba da safe. Na goge kayana sau biyu. Na san in wannan makon ya wuce sai baɗi, kuma na san "to" ɗin Baba ba ya rayuwa shekara.

Talata bayan la'asar, ana cikin zafin nan na kaka, an gama yankan gero, muka ji wani ƙugi daga bakin kwalta kamar hadari yana haɗowa. Mota ce rawaya, gajera, a kwance take da ƙasa kamar kunkuru, ko kaza ba ta iya bi ta ƙarƙashinta ba tare da ta duƙa ba. Kujeru biyu kacal. Sai da aka shimfiɗa katakai a lungunmu kafin ta shigo, don kar yashi ya riƙe mata ciki. Unguwa ta cika gidanmu. Wani maƙwabcinmu mai taksin daji ya ce a buɗe masa gaba ya ga moter, wato injin da ke wannan kuka. Yaya ya buɗe masa yana danne dariya, sai ga jakar kayansa da buta, ba komai. Moter ɗin a baya yake, can bayan kujeru. Aka kwashe da dariya, mutumin ya ce shi ba ya yarda da motar da aka haɗa ta a bai-bai. Kaka ta fito da sandarta ta zagaya ta sau ɗaya. Tsakaninta da mahaifinki wasan jika ne, mijinta take kiransa.

"Maigida, wagga ita ce amaryar da ka yi mini? Ina za ni zamna, bisa kanta?"

"Ke tsohuwa, in kin shiga wagga sai an sa igiya an jawo ki."

"Ba ni shiga. Abin da zuciyarshi ke ga gindi, ba shi da amana."

Bayan magariba muna cin tuwo a tsakar gida wayarsa ta yi ƙara. Makanikin mai motar ne daga Maraɗi, wani dattijo da ake kira Malam Sumaila. Hannun Yaya da miya, sai ya buɗe muryar kowa yana ji. Na tuna maganar kamar karatun allo, don ita ce ta hana ni cewa ban sani ba. Ya ce irin waɗannan motoci masu gudu moter ɗinsu yana zafi ƙwarai, akwai wani ruwa ja-ja da yake zagayawa cikin tiyo yana sanyaya shi. Ya ce wannan motar ba sabuwa ba ce, ta yi shekaru a ƙasar Turawa, kuma irinta suna da ciwo ɗaya: mahaɗar tiyon takan saki.

"Isuhu, in ka ga ɗigo ƙarƙashinta, ko da kamar hawayen jariri ne, kar ka tada ta. Ka kira ni in turo babbar mota a ɗauko ta. Ko mako guda za ta yi nan, ta yi."

"In sha Allahu, Malam. Tun daga bakin ruwa nike duba ta, a bushe take."

Mako guda. Ga shi jibi Alhamis ake rufe dosiye.

Na riga kowa fitowa bayan asuba, Baba da Yaya suna masallaci, mahaifiyarki tana ɗaki tana ba ki nono. Ba duba motar na je yi ba, wallahi. Na je ne in ga ko jakata za ta shiga wurin nan na gaba. Da na zagayo ta baya sai na ga layin tururuwa, baƙi ƙirin, yana shiga ƙarƙashinta. Na durƙusa. Kusa da tayar baya ta hagu, a kan yashin da Yaya ya daidaita, ga jiƙa kamar faɗin tafin hannuna, launin zoɓon da aka cika wa ruwa. Tururuwa sun kewaye shi kamar sun sami sukari. Na taɓa da yatsa, santsi gare shi, kuma yana wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi. Ina durƙushe na ga wani ɗigon ya taru a jikin ƙarfe, ya yi nauyi, ya faɗo.

Balki, ina so in ce miki na yi dogon tunani, na yi kokawa da zuciyata. Ban yi ba. Abin da ya zo min kawai shi ne: ɗan wannan? Motocin tasha suna zubar da ruwa kamar an huda tulu, ana tsayawa a ɗura musu na rijiya, su kai Ƙonni su dawo. Na ga ana cusa sabulu a wurin yoyo a ɗaure da roba a wuce. Na ce a raina Malam Sumaila tsoron mai gidansa yake ji. Na ce in mun isa Maraɗi ai hannunsa za ta shiga, ya gyara abinsa.

A gidanmu akwai dokar Kaka wadda ko Baba bai iya karya ta ba, don ya gaji da faɗa: ranar da wani zai yi tafiya ba a taɓa tsintsiya sai rana ta take, wai kar a share sawun matafiyi ya kasa dawowa. Ni da na yi lise nakan yi wa wannan doka dariya. Na ɗauko tsintsiya daga bayan madafa, na tura ta ƙarƙashin motar, na jawo jiƙaƙƙen yashin da tururuwan duka, na kwashe a cikin tsohon kwano na zubar bayan rumbu. Na ɗebo busasshe na watsa, na shafe da hannuna har ya yi sumul. Na jefar da tsintsiyar. Duk abin bai kai tsawon alwala ba.

Yaya ya dawo da farar rigarsa, ya tattare ta, ya durƙusa, ya haska da fitilar waya. Baba yana tsaye a kansa. Ni ina bakin madafa ina riƙe da kofin kunu. Na roƙi Allah kar wani ɗigon ya faɗo a lokacin. Ki ji irin addu'ar da na yi.

"Alhamdu lillahi," in ji Yaya, ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa. "Ƙanwata, ɗauko dosiyenki. Yau ke ce Hajiya."

Ya ɗaga ki sama ya sumbace ki. Kaka ba ta yi masa wasan da ta saba ba, tana zaune a bakin ɗakinta tana kallona. Na ɗauka kewa ce.

Mun bar gari, duwatsu suna bayanmu, gonaki duk kara a tsaye. Cikin motar sanyi kamar randa. Yana ba ni labarin yadda zan riƙa yi wa matan ƙauye tsawa in na zama madam a asibiti, ina dariya, har na manta. Na rantse miki na manta. Ba mu yi awa ɗaya ba muka tarar da wata babbar mota ɗauke da buhuna tana tafiya kamar ba ta so, tana watso mana hayaƙi. Ya bi bayanta da haƙuri har hanya ta buɗe, ba kowa a gaba. Ya sa hannu ya nuna zai wuce, ya taka. Motar ta yi kukan nan nata, ta manna ni da kujera, muka wuce. Ya dawo hannunsa, ya sassauta, don akwai kwana a gaba. Ina kallon allurar da ke nuna gudu, na ga ta sauko. Wannan ki riƙe shi da kyau: ta sauko.

Sai na ji wani "fuf" a bayan kaina, kamar an fasa leda. Madubin baya ya yi fari fat da tururi. Ƙamshin nan na safe ya cika motar, mai zaƙi, yanzu da zafi, kamar alewa tana ƙonewa. Wani abu ya fara ƙara a gaban Yaya. Ya ce "Innalillahi," a hankali, ba da ihu ba. Daga nan bayan motar ya bar mu. Ban san yadda zan faɗa miki ba: kamar kina zaune a tabarma wani ya fizge ta daga ƙarƙashinki. Na ga gona a inda hanya take, na ga babbar motar da muka wuce tana fuskantarmu, na sake ganin gona. Hannuwansa suna ta aiki a kan sitiyari, dama, hagu, dama, bai saki ba ko sau ɗaya. A bakin kwanar akwai wani babban gawo. Ya juya ta yadda gefensa ne ya same shi, ba nawa ba.

Ban suma ba, shi ne abin da ya fi min ciwo. Na fito da ƙafata, wuyan hannuna ne kawai ya karye. Na ga direban babbar motar ya diro yana gudu zuwa wurinmu, da ya taka kwaltar sai ƙafafunsa suka tashi sama ya faɗi rigingine, kamar ya taka miyar karkashi. Hanyar duk ta jiƙe, wani dogon layi ja-ja yana tururi tun daga nesa har inda muka fara juyawa. Wata mata ta fito daga gona tana tsinto min takardun dosiyena ɗaya bayan ɗaya, har da ƙananan hotunana, tana goge su da zanenta tana miƙo min, ni kuma ina karɓa ina cewa na gode, kamar wata mahaukaciya. Yaya yana matse tsakanin ƙofa da kujera, idonsa a buɗe.

"Rakiya, kin ji ciwo?"

"A'a, Yaya."

"Duba mini ƙahwahuna. Suna nan? Ban jin su."

Suna nan. Har takalminsa bai fita ba.

Aka dawo da mu asibitin Dutsi, shi aka wuce da shi Yamai. Wata biyu ya yi. Ƙashin baya ne, likitoci suka ce da wuya ya sake takawa. Kuma da ya farfaɗo sosai sai aka gane ranar ta goge daga kansa gaba ɗaya: yana tuna sallar asuba, daga nan sai silin asibiti.

Kwana uku bayan haɗarin Malam Sumaila ya zo ɗaukar abin da ya rage na motar, ya biyo gida ya yi wa Baba jaje. Ina bayan labule da hannuna a ɗaure. Ya ciro wani ɗan guntun bututun ƙarfe daga aljihu, bai fi tsawon yatsa ba, ya ajiye a kan tabarma. Ya ce shi ne mahaɗar, inda tiyon ruwa yake shiga jikin moter. Ya ce ba ɗaure shi aka yi da ƙusa ba, ba walda aka yi masa ba, da gam aka manna shi tun daga inda aka ƙera motar. Zafi da shekaru suna cinye gam ɗin. Ranar da ya saki, ruwan duka yake fita lokaci guda, kuma tunda moter a baya yake, a kan tayoyin baya yake zuba, ga shi da santsi ya fi mai.

"Ko wane ne ke riƙe da ita, Alhaji, sai dai Allah. Amma yawanci kafin ya saki yakan yi zufa, kwana ɗaya, kwana biyu. Babu wanda ya ga ɗigo?"

"Ni da kaina ina tsaye ya duba," in ji Baba. "Ƙasa a bushe take."

"To. Wani sa'in ba ya sallama."

Na cusa bakin mayafina a baki na cije. Labule ne kawai tsakanina da su. Ban fito ba.

Maganar Malam Sumaila ba ta yi nisa ba, don ba ta da daɗin maimaitawa. Wadda ta zagaya gari ita ce ta direban babbar motar, wanda ya ce ta wuce shi kamar harsashi. A tasha, a majalisar shayi, har a gidan suna: ɗan talaka ya sami motar masu kuɗi, ga ƙanwa a gefe, ya so ya nuna. Kaka kuma ta kafe a kan tata. Duk wanda ya shigo gaisuwa sai ta ce gawon nan na kwana gidan Doguwa ne tun kakanninta, an wuce da ƙugi ba a yi mata sallama ba. Ta yi ta faɗa da ƙarfi, fiye da yadda na taɓa jin ta, har Baba ya fito ran nan yana rawar murya.

"Iya, ki ji tsoron Allah! Yaro na kwance, ke kina kiran iskoki bisa kanshi?"

"Ka ce abin da malamanka sunka ce, in ce abin da na sani."

Da aka dawo da mahaifinki gida, ya ji duka biyun. Ta Kaka ko kallo bai yi mata ba, shi mutumin Baba ne a wannan. Ta tasha ce ta shige shi, tunda ba shi da tasa da zai kare kansa da ita. An faɗa masa maganar bututun, ya ce in da ba gudu yake ba da ya riƙe ta. Ya daina cin abinci sai an matsa. Ya ce a kashe wayarsa. In abokan aikinsa sun zo sai ya ce a ce yana barci. Yakan ɗora hannuwansa a cinya ya yi ta kallonsu kamar na wani ne. Kuma kullum da safe in na kai masa kunu, sai ya kalli wuyan hannuna da ya ɗan karkace ya ce:

"Rakiya, ki yahe mini. Na so in kashe ki, na kashe miki lakkwal."

Kullum. Wata uku. Ni kuma ina cewa, "Ba komai, Yaya, na yafe." Da bakina.

Ran nan da hantsi ina tsefe wa Kaka kai a ɗakinta, sai ta miƙa hannu ƙarƙashin gado ta jawo wani abu a naɗe da tsohon zane ta ajiye a gabana. Tsintsiyar ce. Bakinta ya rine, ja-ja, yashi ya daskare a jiki.

"Kunnena bai mutu ba, 'yar lakkwal," in ji ta, ba ta ko juyo ba. "Ranar tahiya na ji shara. Ban san mi kika share ba sai da mutumin Maraɗi ya yi magana. Da na sani da sahe, da na kwanta gaban motar."

"Kaka, to Doguwar da kike ta faɗa..."

"Doguwa bayanta da hwaɗi, ta ɗauki abin da ya hi wanga. Ke ɗan wuyanki nawa yake? In ubanki ya ji, ina za ki sa kanki cikin garin ga? Na ba su wadda za su zarga, wadda ba su iya kora daga gida."

Na kwanta a cinyarta na yi kukan da ban yi ba tun ranar. Da na sami numfashi na ce:

"Amma Yaya bai yarda da Doguwa ba. Shi kansa yake zargi."

Ta mayar da zanen kan tsintsiyar. Sannan ta ce, "Wannan shi ne ya hi ƙarhina."

Washegari na kai masa kunu da tsintsiyar a ɗaya hannun. Yana ƙarƙashin itacen bedi a tsakar gida, mahaifiyarki ta tafi da ke awo asibiti. Ya buɗe baki zai fara roƙon nan nasa, na ce ya tsaya. Na durƙusa a gabansa na faɗa masa duka, a tsaye, ba kwana: tururuwa, kwano, addu'ar da na yi a bakin madafa, allurar da ta sauko, gefen da ya ba gawo. Na jira ya zage ni. Na so ya zage ni. Sai ya tambaye ni da muryar aiki, muryar da ban ji ba tun kafin haɗarin.

"Girmanshi kamar mi?"

"Kamar tafin hannuna."

"Wane gehe?"

"Hagu, kusa da taya."

"Kin ga shina ɗiga, ko ya tsaya?"

"Yana ɗiga."

Ya karɓi tsintsiyar ya juya ta, ya murza bakin da yatsa, ya shinshina. Sannan ya ajiye ta a cinya, ya ɗaga hannuwansa biyu ya kalle su, gaba da baya.

"Ashe ƙasa ta hwaɗa mini," ya ce. "Ashe ta hwaɗa."

Ya juya kekensa da kansa ya shige ɗaki.

Yau kwana goma sha tara ke nan bai yi min magana ba. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba, kuma ban da ikon tambaya. Bai faɗa wa Baba ba, ni ma har yanzu ban iya ba. Amma a ranar ya cinye tuwonsa. Ya sa an kunna masa waya. Shekaranjiya na ji shi yana yi wa wani sabon direba faɗa a kan ya riƙa duba ƙarƙashin mota da idonsa, kar ya aiki kowa, kar ya bari kowa ya riga shi. Jiya ya ɗora ki a cinya ya ba ki murfin tukunya kina juyawa, yana yi miki ƙugin moter da baki, yana cewa, "Sassauta, ga kwana."

Zan ba Kaka wannan littafi ta ajiye a akwatinta tare da guntun bututun, wanda na ɗauke daga tabarma ranar da Malam Sumaila ya manta shi. In kin iya karatu za a ba ki. Duk wanda ya ce miki ubanki gudu ya kayar da shi, ki ce ƙarya ne, gwaggonki tana ciki, hannunsa bai kuskure ba, kuma da sauran daƙiƙa ɗaya a hannunsa ya zaɓi wanda itace zai sama. Abin da za ki yi da ni bayan kin karanta, naki ne.

Har yanzu ni nake sharar tsakar gida, ba wanda ya karɓe min. Da safen nan na zo da tsintsiya har inda yake zaune, ƙafafunsa a ƙasa, na tsaya, don ban san yadda zan ce ya ba ni wuri ba. Bai kalle ni ba. Ya sunkuya ya sa hannu biyu ya ɗaga ƙafar dama, ya riƙe ta har na share ƙarƙashinta, ya ajiye. Sannan ya ɗaga ta hagu.